Mutum uku sun duba gwal ɗin Mama, kowa da kuɗin da ya faɗa, waye ke cutarmu?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Bari in maimaita tambayar a taƙaice saboda masu bibiya. Mahaifiyarku ta bar sarƙoƙi da awarwaro na gwal da wani zobe mai farin dutse da take cewa daimon ne, ku biyar zaku raba. A cikin akwatin kun tarar da takardar da shagon da ya sayar mata da zoben ya bata, da wani babban adadi a jiki. Kin kai wa mai sayen gwal ya taya abinda bai kai rabin wancan ba. Sai wani da yace shi aikinsa kimantawa ya faɗi wani abu a tsakani, yace ladansa kashi 2 cikin 100 na duk abinda ya rubuta, kuma in kuna so ma shi zai saya. Kina tambaya wa ke ƙarya, kuma meye amfanin kimantawar in dai kowa son ransa zai faɗa.

Toh, zai iya yiwuwa na farko da na biyu babu wanda ya miki ƙarya. Na ukun ne hankalina bai kwanta da shi ba, kuma ba don adadin da ya faɗa ba, zan zo kansa.

Na daɗe ina wannan aikin, kuma duk wanda ya ajiye min kaya akan tebur yace nawa ne kuɗinsa, tambayata ta farko ita ce me zakayi da amsar. Wasu har haushi suke ji, gani suke kamar ina musu kwana-kwana, wani ma yace malam kai dai faɗi kuɗin kawai mana. Amma gaskiyar magana sarƙa ɗaya bata da kuɗi ɗaya. Akwai abinda zaki kashe in ta ɓata kika je shago neman sabuwa irinta, wannan shi ake rubutawa don inshora, kuma shi yafi kowanne yawa domin a cikinsa akwai gwal ɗin, da kuɗin ƙira, da haraji, da hayar shago, da albashin yaran shago, da ribar mai shago. Akwai abinda zata yi tsakanin mai sayarwa da ba a matse yake ba da mai saye da ba dole aka masa ba, kowannensu kuma ya san abinda ke hannunsa, wannan shi kotuna da hukumomin haraji a ƙasashe da yawa suke nufi in sunce ƙimar kasuwa, kuma na kayan da aka riga aka saka ne, ba sabo fil ba. Akwai abinda zaki samu in yau ɗin nan kike buƙatar kuɗi kafin magariba, kin karyar kenan. Sannan can ƙasa akwai kuɗin narkawa, wato a manta da kyau da ƙira, a ɗauki sarƙar a matsayin ƙarfe kawai. Takardar cikin akwatin Mama kusan tabbas ta farkon ce, mai sayen gwal kuma na ƙarshen ya faɗa miki. Kinga tambaya biyu daban suka amsa.

Shi lissafin narkawa ma zaki iya yinsa da kanki, ba wani sirri bane. Gwal zalla karat 24 ne, amma yayi laushi da yawa shi yasa ake haɗa shi da azurfa da jan ƙarfe. Karat 22 shi ne ake buga wa 916, karat 21 kuma 875, karat 18 shi ne 750, karat 14 kuma 585, lambar tana gaya miki kashi nawa ne gwal cikin 1000. A ce sarƙa giram 40 ce kuma 750 ce, gwal ɗin cikinta giram 30 ne, sauran 10 ɗin gauraye ne. Farashin duniya ana fitar da shi a Landan sau biyu a kowace ranar aiki, akan oza irin ta gwal wadda take giram 31.1, sai ki raba ki samu na giram ɗaya ki ninka da 30. Daga nan mai saye zai cire nauyin duwatsu, da ɗan sifirin ɗin ƙarfe da ke cikin maɓallin sarƙa, da kuɗin tacewa, da ribarsa. Kuɗin ƙirar da Mama ta biya kuwa ya tafi tun ranar da ta fito daga shagon, haka abin yake a ko'ina, kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. In kin yi wannan lissafin kika ga tayinsa yana kusa da shi to ciniki ne kawai, kice albarka ki gwada wani. In kuma ya faɗo ƙasa sosai, to nan ne zaki ɗaga gira.

A rabon gado inda ake yin ɓarna ba tare da an sani ba shi ne auna kaya da mudu biyu. Na sha gani. A ɗauki zobe a saka shi a kuɗin da ke jikin takardar shago, a ɗauki sarƙoƙi a saka su a kuɗin da mai narkawa ya taya, sai a ce wance ke ɗauki zobe, wance ke ɗauki sarƙa uku, kun yi kunnen doki. Ba kuyi ba wallahi. Wadda ta ɗauki zoben an cuceta, domin ranar da zata sayar ba zata ga ko kusa da wancan adadin ba, ita kuwa mai sarƙoƙi abinda aka rubuta mata shi ne mafi ƙarancin abinda zata samu. Babu wanda yayi niyyar zalunci amma an tauye haƙƙin wata, kuma irin wannan sai bayan shekaru yake fashewa ya raba zumunci. Don haka duk kayan a auna su da ma'auni ɗaya, a rana ɗaya, kuma wanda yafi dacewa da gado shi ne ƙimar kasuwa ta kayan hannu. Hukuncin rabon kansa na malamai ne da alƙalai, ni nawa in basu adadin da zasu dogara da shi. Haka ma masu zuwa don zakka, su abinda suke bukata nauyi ne da karat, a ga ko gwal zallan ya kai nisabi wajen giram 85, maganar ko ana fitarwa daga kayan da mace take sakawa kuwa malamai sun yi saɓani, can zaki kai ta.

Na ce a rana ɗaya, kuma da gangan na faɗa. Takardar kimantawa da babu kwanan wata a jikinta bata da amfani, wadda ta tsufa ma kusan haka. A 1917 kamfanin kayan ado na Cartier ya karɓi wani katafaren gida a titin Fifth Avenue na birnin New York, abinda ya bayar a madadinsa abin wuya ne mai layi biyu na lu'u-lu'un teku da aka yi wa kuɗi dala miliyan 1. A 1957 aka yi gwanjon wannan abin wuyan, wajen dala dubu 150 ya tashi. Lu'u-lu'un bai lalace ba, abinda ya faru shi ne mutanen Japan irin su Mikimoto sun gano yadda ake kiwon kawa, halittar tekun da ake samunsa a cikinta, ta haifar da shi, kasuwa ta cika. Gidan kuwa har yau Cartier na ciki. Wanda ya rubuta miliyan 1 a 1917 bai yi ƙarya ba. Irin wannan ne yake faruwa yanzu a idonmu da daimon ɗin da ake haɗawa a masana'anta, cikin 'yan shekaru farashinsa ya zube warwas, wanda ya saya wajen 2016 ya riƙe takardarsa yana ganin yana da dukiya, in ya fito kasuwa yau sai ya riƙe baki. Abin yana juyawa ta ɗaya gefen ma. Da aka yi gwanjon kayan adon 'yar fim Elizabeth Taylor a gidan gwanjo na Christie's a Disambar 2011, wani lu'u-lu'u mai suna La Peregrina an ƙiyasta shi dala miliyan 2 zuwa 3, ya tashi sama da miliyan 11, saboda tarihinsa da sunan mai shi. Ƙwararru ne suka yi ƙiyasin fa. Shi yasa nake cewa kimantawa ra'ayi ne na masani wanda ya kafa hujja, ba wahayi bane, mutum biyu masu gaskiya zasu iya bambanta kaɗan. In sun bambanta ninki biyu akan tambaya ɗaya, to ɗaya bai iya ba ko kuma yana da wata manufa.

Kafin ma a kai ga kuɗi, rabin aikin shi ne a gane menene abun. Ance ido ba mudu bane amma ya san kima, to a wannan sana'ar ido shi kaɗai yana kai mutum ya baro. In kin kawo min kaya, a gabanki zan ƙirga, in ɗora kowanne a sikeli kina kallon lambar, in ɗauki hoto, in rubuta miki rasit. Kuma a rasit ɗin bazan rubuta zoben daimon ba, zan rubuta zobe na ƙarfe rawaya mai farin dutse ɗaya, faɗinsa milimita kaza. Mutane suna jin zafin wannan, amma kariya ce gare ni da ke, domin ban gwada ba tukuna, in na rubuta daimon daga baya ya fito gilashi zaki ce ni na canza. Sai in ɗauki ɗan madubin ido mai ƙara girma sau 10 in nemi hatimi a cikin zoben ko a bakin maɓalli. Hatimin nan tsohon abu ne, a Ingila tun shekarar 1300 aka yi dokar gwada azurfa da buga mata alama, Indiya kuma a 2021 ta wajabta shi akan kayan gwal. Amma 750 da maƙeri ya buga da kansa daban, hatimin ofishin gwaji daban, kuma ƙarfen buga lamba kowa na iya saya. Sai in goga kayan a baƙin dutse in ɗiga asid akan zanen in ga ko zai tsaya ko zai ɓace. Masu hali suna da na'urar XRF da take karanta ƙarfe ba tare da ta yi masa lahani ba, tana da kyau sosai amma fatar sama kawai take gani, in an yi wa tagulla ruwan gwal mai kauri zata iya ce miki gwal ne. Shi yasa har yau muna komawa dabarar Archimedes, a auna a iska a auna a ruwa a fitar da nauyin jiki, gwal zalla 19.3 yake bayarwa, wato ya ninka nauyin ruwa mai girmansa sau 19.3. Ita ma 'yan damfara sun san maganinta, akwai wani ƙarfe tangistin da nauyinsa kusan ɗaya da na gwal, ana cusa shi a cikin sanduna da kaya masu kauri. Awarwaro masu rami a ciki kuma wani lokaci a cike suke da wani abu don su yi nauyi. Gwajin da babu gardama a kansa shi ne a yanki ɗan guntu a narka a wuta, shi kuma baya yiwuwa sai da izinin mai kaya, wanda ya karce miki kaya ko ya yanka bai tambayeki ba ya riga ya ci amana tun kafin ya buɗe baki.

Duwatsu sun fi wahala nesa ba kusa ba. Babban jan dutsen da ke gaban kambun sarautar Ingila, wanda ake kira yaƙutun Black Prince, ɗaruruwan shekaru ana ɗaukarsa yaƙutu ne, ashe wani dutse ne daban mai suna sifinel. In sarakuna sun ruɗu, ina ga Mama. Tun 1902 wani Bafaranshe Verneuil ya bayyana hanyar haɗa jan yaƙutu da wuta, kenan tsufan zobe ba hujja bane cewa dutsen daga ƙasa aka haƙo shi. Wannan ɗan abun kamar biro da masu shago suke dangwalawa akan dutse yayi ƙara suce daimon ne, zafi kawai yake aunawa, moisanait, wani farin dutse mai kama da daimon da ya shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1990 yana wuce shi lafiya lau. Daimon ɗin masana'anta kuma daimon ne na gaske ta fuskar sinadari, madubin ido baya raba su, sai na'ura ta musamman ko a tura ɗakin gwaji. Ga kuma gyare-gyare, yawancin yaƙutu ja da shuɗi an gasa su don launi ya fito, zumurrudu ana shafa masa mai ya ɓoye tsaga, waɗannan kasuwa ta yarda da su in an faɗa, amma akwai jan yaƙutun da aka cike tsagoginsa da gilashi mai dalma wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Duk wannan dole ya fito a takarda. Sannan dutsen da ke cikin zobe ba a iya ɗora shi a sikeli, aunawa ake da milimita a yi lissafi, zagayayyen daimon mai faɗin wajen milimita 6.5 shi ne kusan karat 1, kuma karat ɗin dutse nauyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram, ba ruwansa da karat ɗin gwal. Mai gaskiya zai rubuta cewa ƙiyasi ne a cikin zobe aka auna, domin tsakanin 0.95 da 1.00 akwai tsalle a farashi.

Wani abu da ake yawan rikitawa, satifiket ɗin dutse daban, takardar kimantawa daban. Cibiyar GIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1931 kuma ita ta fito da ma'aunin launin daimon daga D zuwa Z da duniya ke bi, bata rubuta kuɗi a takardarta ko kaɗan, siffar dutse kawai take bayarwa, nauyi, launi, tsabta, yanka. Kuma ba kowane satifiket bane abin dogaro. A 2014 dandalin cinikin daimon na RapNet ya daina karɓar takardun wani ɗakin gwajin duwatsu mai suna EGL saboda ƙorafin ana ƙara wa duwatsu daraja. Ita kanta GIA a 2005 sai da ta sallami ma'aikata huɗu a ɗakin gwajinta na New York bayan binciken zargin cin hanci. Na kawo wannan ne don ki ga cewa harafi ɗaya a takarda kuɗi ne mai yawa, kuma duk inda harafi ya zama kuɗi za a samu mai son sayen harafin.

Yanzu mutuminki na uku. Abu biyu ya faɗa kuma kowanne shi kaɗai ya isa ki tattara kayanki. Lada da kaso, ma'anarsa duk sifilin da ya ƙara a takarda aljihunsa ne ya ƙaru, ko da mutumin kirki ne kin saka shi a jarrabawar da bai kamata ya shiga ba. Aikin duba zoben da ya kai ɗari da na wanda ya kai dubu kusan ɗaya ne, lokaci ɗaya, kayan aiki ɗaya, to don me lada zai bi adadi? A Amurka kundin ƙa'idojin masu kimantawa da ake kira USPAP ya hana ladan da ya rataya akan adadin da aka fitar, hukumar harajinsu ma in mutum ya bada kyautar kaya sama da dala 5,000 yana neman rangwamen haraji, bata karɓar takardar da aka biya mai ita da kaso. Lada na gaskiya ana yanka shi ne kafin a fara, ko akan kowane kaya ko akan awa. Na biyun kuma, cewar da yayi shi zai saya, ya juya shi gaba ɗaya, yanzu amfaninsa yana cikin ya rage. Kinga mutum ɗaya yana da dalilin ƙarawa yana da dalilin ragewa, wanne zaki yarda da shi? An ba kura ajiyar nama kenan. Ba wai sayen gwal laifi bane, sana'a ce halal, kuma tayi ba ƙarya bane, wanda yace zan baki kaza ya faɗi abinda zai iya ne. Laifin shi ne mutum ya saka rigar alƙali ya yanke wa kaya kuɗi sannan ya cire ta ya zauna a kujerar mai saye. Ni in na kimanta kaya bana sayensu, bana kuma karɓar la'ada a wajen wanda na tura mutum gurinsa, in kuwa akwai wata alaƙa tsakanina da kayan ko mai sayarwa to a rubuce zan faɗa. Ki kuma sani a ƙasashe da yawa, har da Amurkan, babu lasisin gwamnati da ake buƙata kafin mutum ya kira kansa mai kimanta kayan ado, kowa na iya buga kati, don haka ki tambayi inda yayi karatun duwatsu, irin su GIA ko Gem-A ta Birtaniya, da kuma ƙungiyar da zata iya hukunta shi in ya karkace.

Takardar shagon ma ban wanke ta tas ba. Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu, a sayar miki da zobe a ɗari sannan a miƙo miki takarda mai hatimi da ke cewa ya kai ɗari biyu, ki tafi gida kina murna kin yi tsintuwa. In da gaske ya kai ɗari biyu me ya hana shi sayarwa a haka? Kuɗin abu sabo shi ne abinda ake sayar da shi a zahiri, kuma ke kika biya jiya. Wannan takardar kwalliyar ciniki ce, kuma cutarwarta tana zuwa daga baya, mai ita zai yi ta biyan inshora akan ɗari biyu shekara da shekaru, ranar da zoben ya ɓata kuma yawancin kamfanoni abinda zai maye gurbinsa kawai zasu biya ko su sayo masa irinsa. Sai kuma magada su tarar da ita a akwati, kamar yadda kuka tarar, a fara zargin juna.

Kada kuma ki ɗauka matsin daga 'yan kasuwa kaɗai yake zuwa, masu kaya sun fi kowa. Wani bawan Allah ya taɓa zaunar da ni kusan awa guda yana roƙo in ƙara masa adadi domin zai bada kayan jingina ya karɓi bashi, yana cewa ai ba wanda zai cutu tunda zai biya. Wanda zai bada bashin fa, ba da sa hannuna zai dogara ba? Wata kuma ta zo da kayan gado ita kaɗai, ta yi ƙasa da murya tace in ɗan sassauta saboda ita zata saye kason 'yan uwanta. Na ce mata Hajiya takardar da zan rubuta wadda zan iya karantawa a gaban su duka ce, in ba haka ba ki ɗauki kayanki ba sai kin biya ni komai ba. Ta ɗauka ta tafi, kuma na san ta samu wanda ya rubuta mata. Wanda ya biya ni shi ne mai aikin, amma takardar tana zuwa hannun mutanen da basu taɓa ganina ba, alƙali, kamfanin inshora, ƙanwar da ke aure a nesa, marayan da bai yi wayo ba, duk da ita zasu yi hukunci. Algus a takarda da algus a mudu duk ɗaya ne a wajena. Sannan akwai riƙe sirri, abinda na gani a akwatin mutum baya fita bakina ko ga matata, domin labarin wance tana da gwal kaza yana iya jawo mata 'yan fashi har gida. Akwai kuma sanin iyakarka, in aka kawo min agogon tsada ko wani tsohon kaya na tarihi da ba fannina ba, cewa nake ku kai wa wane, faɗin haka baya rage ni da komai.

Mafi nauyi a aikin nan dai shi ne faɗin abinda ba a so ji. Wata yarinya ta taɓa kawo min zoben kakarta a naɗe cikin hankici, tun tana ƙarama ake ce mata na gado ne mai tsada. Ina saka madubi na ga gefunan dutsen duk sun side sun yi laushi, ga 'yan ƙananan kumfa a ciki, gilashi ne, daimon baya cinyewa haka. Gwal ɗin kuwa na gaske ne mai kyau. Na daɗe ina juya zoben kafin in ɗago kai. Na gaya mata, na kuma juyo mata madubin ta gani da idonta, na ce mata sau da yawa irin wannan ba yaudarar kowa aka yi ba, wata rana ce ta matsi ta zo aka cire dutsen aka sayar aka biya wata buƙata aka saka wannan a gurbinsa, ba a gaya wa yara ba. Ta yi shiru, ta mayar da shi cikin hankicin, ta biya ni ta tafi. Don haka ki shirya zuciyarki akan zoben Mama, zai iya fitowa yadda take faɗa, zai iya fitowa wani abu daban, kuma gara ku ji tare.

Abinda zan baki shawara, ku nemi wanda baya saye baya sayarwa, ko aƙalla ya yarda a rubuce cewa bazai sayi waɗannan kayan ba. Ku yanka lada tun farko. Ku gaya masa a fili don rabon gado ne, kuna son ƙimar kasuwa ta kayan hannu, in da hali ya saka muku kuɗin narkawa a gefe don ku san ƙasan abun. Kar ki je ke kaɗai ko da sun yarda da ke, ki tafi da mutum biyu cikin magadan, a auna komai a gabanku, in kuma dole kayan su kwana a wajensa to da rasit mai nauyi da hoto. Takardar da zai baku ta ƙunshi dalilin yinta, kwanan wata, farashin gwal na ranar, nauyi da karat na kowane kaya, yadda aka gwada, abinda bai iya tabbatarwa ba, da sunansa da sa hannunsa. Tsohuwar takardar shagon ki tafi da ita, amma ki bari sai ya gama nasa kafin ki nuna masa adadin ciki. Kuma kar ku bari a narka komai kafin a duba cikin maɓallai da bayan awarwaron, in akwai sunan wani sanannen kamfani a jiki kuma ya tabbata na gaske ne, kuɗin kayan zai iya wuce na gwal ɗinsa nesa, mai narkawa kuma ba lallai ya gaya miki ba. In kin samu dama ki ɗauki hoton lambobin da ke cikin zoben da kyau a cikin haske ki turo, zan gaya miki abinda suke nufi kafin ku je.